Hannun da Ya Shafi Motar Dikko

"Ba ni son ta, Yaya! Ka ɗauki abarka!"

Dikko ke nan, ya jefa wa wansa Ummaru makullin tsohuwar Marsandin da ya ba shi kyauta. Lokacin nan muna jihar Sakkwato, kuma duk unguwarmu ta Gesse a Birnin Kabi ba wanda bai ji su ba, balle ni da katanga ɗaya ta raba mu.

"Mi tay yi maka?" in ji Ummaru. "Wagga mota ta ratsa laka ta Zauro da buhun albasa huɗu cikin but, ba ta taɓa kwana hanya ba."

"Ka ga ta Alhaji Kalilu? Gilashi da maɓalli, sanyi kamar randa. Ni ko sai in ta murɗa hannu kamar mai niƙa."

"Waccan mai abin goge gilashi guda ɗaya? Ko shi ba su cika mata ba. Ƙarhe na ga tsohuwa, Dikko."

Dikko dai bai ji ba. Dillalin albasa ne, yana da rufin asiri, amma tun ranar da sabuwar Marsandi ta wuce shi a hanyar Argungu ta bar shi cikin ƙura, tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ranar wata Laraba da tsakar rana ya gangara bayan Argungu, wajen boka Tamba. Bukkar tana cikin duhun ciyawa a bakin gulbi, ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Ƙoƙon kan kada a rataye, ga tukunya baƙa da jan ƙyalle a wuyanta, ƙudaje sun rufe bakinta. Tamba ya yanka baƙin bunsuru, ya sa Dikko ya tsoma hannuwansa biyu cikin jinin har wuyan hannu.

"Za ka hau motar. Amma su na ƙarƙashin ruwa suna da rabo."

"Mi suka so?"

"Duk hannun da ya shafe ta da murna, murnar gaskiya, da zuciya ɗaya, nasu na."

Dikko ya yi dariya har da buga cinya. "Birnin Kabi? Wa zai yi min murna da zuciya ɗaya? Duk 'yan hassada na. Na yarda!"

Tamba bai yi dariya ba.

Daminar nan albasa ta yi tsada, ta Dikko kaɗai ba ta ruɓe ba. Kafin Sallah sai ga mota an kawo daga Ikko, baƙa wuluk, kujeru na ƙamshi. Maƙwabta suka yi ta shafawa suna Allah ya sanya alheri, ba abin da ya sami kowa. Ni ma na shafa, ga ni nan lafiya lau, kun dai gane.

Abin da ya manta, a ƙasarmu ba a hawa sabuwar mota sai an kai wa uwa ta sa albarka. Da ya yi ta kwana-kwana, mahaifiyarsa Inna Aminatu ta hau motar haya daga Augie da kanta. Yana cikin wanka ya ji guɗa a ƙofar gida. Ya fito da kumfa a kunne, ya tarar ta ɗora tafin hannunta a kan motar tana hawaye.

"Ɗana ya zama mutum," in ji ta.

Hannun ya kumbura a ranar. Kwana uku aka kai ta makwancinta.

Ya sa aka lulluɓe motar da tamfal, ya hana kowa matsawa. Sai 'yarsa Adama ta dawo hutu daga makarantar horon malamai, ta ɗaga tamfal ɗin, ta rungume ƙofar tana tsalle. Ita ko kwana biyu ba ta yi ba.

Matarsa Asiya tun daga nan ta naɗe hannuwanta da tsumma, tana bin mutane a kasuwa tana roƙon kada su yi wa kowa murna. Albasa ta ruɓe a rumbu. Motar ya kai ta ga masu saye har Sakkwato, kowa ya zauna ciki sai ya fito yana cewa yana jin warin gulbi.

Ku masu ganin na wani ku raina naku, ku ji da kyau. Su waɗancan ba sa karɓar maƙiyinka. Wanda yake ƙaunarka suke ɗauka, kai kuma su bar ka da rai ka yi ta kallo.

Bayan sadakar arba'in ɗin Adama, Ummaru ya zo ya tarar da Dikko a zaure ya rame kamar kara. Nan Dikko ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ummaru ya dube shi.

"Inna ma?"

"Inna ma." Dikko ya kama gefen rigarsa. "Yaya, kai kaɗai ka rage min. Don Allah in za ka hita, ka bi nesa da ita. Kada ka taɓa."

Ummaru ya janye rigarsa a hankali, ya sa takalmansa.

"Kwantar da hankalinka," in ji shi. "Ko kwana na yi bisanta, ba abin da za ta yi min yanzu."

Ya fita, ya bugo ƙofar har ƙasa ta zubo daga bango.