Gurbi a Kwamfutar Auta

Da ƙurar siminti a gefen mayafinta Auta ta shiga shagon kwamfuta. Mahaifinta magini ne, ita ce ke zana masa taswirar gini, kuma tsohuwar kwamfutarta ta fara sumewa duk sa'ad da ta buɗe zanen bene.

Ta nuna wata siririya mai sheƙi a cikin gilashi. Ta ce ita take so, don an ce mata cikinta na ɗaukar kaya da yawa.

Saurayin da ke tsaron shagon bai miƙa hannu ba. Dogo ne, da ƙaramar sukudireba a aljihun riga. Ya tambayi aikin da take yi. Ya tambaye ta zane nawa take buɗewa a lokaci guda. Ya tambaye ta a ina tsohuwar ke maƙalewa.

"Malam, kwamfuta na zo saya, ba asibiti na zo ba."

Ya yi murmushi. Ya ce mata abu biyu ne mutane ke haɗawa. Ma'ajiya sito ce, inda kaya ke kwana. Ram kuwa teburin aiki ne, inda ake baje su. Ita sitonta bai cika ba, tebur ne ya yi mata kaɗan. Siririyar nan sitonta babba, teburinta ƙarami, kuma liƙe shi aka yi, ba a ƙara shi har ta mutu.

Ya ɗauko wata baƙa mai kauri, ba kyan gani. Ya ce ram ɗinta ya ninka na waccan, ma'ajiyar matsakaiciya ce amma mai sauri. Ya kifa ta, ya kwance murfin baya, yana nuna wani abu a ciki yana bayani. Auta ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Hannunsa take kallo, yadda yake jera ƙananan kusoshi a kan tsumma kamar masu rai. A gidan magini ta tashi, ta san hannun da ke girmama aiki.

Baƙar ta saya.

Washegari saƙon saurayin shagon ya shigo: "Injiniya, benen ya buɗe ko ya sume?"

Ta amsa: "Ya buɗe, Malam Tambaya. Har matakala ta fito."

"To saura tambaya ɗaya. Amma ba ta waya ba ce."

Haka aka fara. Dogo ba mai daɗin baki ba ne, amma idan ya ce zai zo yana zuwa. Ta saba da takunsa a ƙofar gida. Innarta ta fara tambaya ko kwamfutar ce ke yawan lalacewa, ko mai ita.

Akwai wani kuma da ke son ta, ɗan mai sayar wa Magini siminti. Mota gare shi da gida a gyare. Ya aiko mata da irin siririyar nan kyauta, ta mayar cikin ladabi. Abin ya tsaya masa a rai. Wata rana ya zo da mai gyaransa, wai a share mata ƙurar baƙar. Aka buɗe a gaban Magini. Sai ga gurbi guda a ciki, fayau, kusa da wani irinsa da ke cike.

Ɗan mai siminti ya girgiza kai, ya ce an zare wani abu a nan kafin a sayar.

Magini ya daɗe yana kallon gurbin. Mutum ne da ya sha korar lebura a kan rage siminti a kwaɓi. Ya ce wanda ya rage kaya a cikin aiki ba zai auri 'yarsa ba, kada ya sake ganin dogon nan a ƙofarsa. Bai ƙara ba. Ba ya ƙarawa.

Auta ta shiga ɗaki. Ba hanin ne ya fi yi mata ciwo ba, zargin da ya shiga zuciyarta ne. Ta rubuta: "An buɗe kwamfutar. Akwai gurbi babu komai. Me ka cire?"

Amsa ta zo: "Ban cire komai ba, Injiniyata. Ranar farko na nuna miki shi. Na ce na gaba ne, in aikinki ya girma a ƙara ram."

Ta zauna a bakin gado, kunya ta rufe ta. "Ban ji ba."

"Me kike saurara?"

"Hannunka nake kallo."

"To gobe zan kawo hannun ya gaida Baba."

Gidan Magini hawa ɗaya ne, amma rodi na tsaye a kan rufinsa shekara da shekaru. Maƙwabta na ce masa gida mai ƙaho. A ƙarƙashin ƙahonnin nan Dogo ya same shi da yamma, zaune a benci. Auta na bayan ƙofa, tana saurare.

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. Aka amsa da ƙyar. Bai ambaci kwamfuta ba. Ya ɗaga kai sama.

"Baba, a yi mini haƙuri. Rodin nan na sama, wani abu aka cire a wurin?"

Magini ya harare shi. Ya ce ba abin da aka cire, shi ya bar su da hannunsa. Ya ce maginin da ya rufe kan gini bai bar wurin ƙari ba, ya yanke wa mai gida hukuncin cewa iyalinsa ba za su ƙaru ba. Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya dubi rodin, ya dubi Dogo.

Ya juya ga ƙofa.

"Auta. Kawo baƙar nan."

Dogo ya kwance murfin a kan bencin. Ya zaro wani siririn ram daga takarda, ya sa a gurbin, ya danna da yatsa biyu. Ya zauna ƙas, kamar bulo a mazauninsa. Magini ya sunkuya ya duba ta kowane gefe. Ya tambaya me ya sa bai cika shi tun farko ba.

"Lokacin aikinta bai kai ba, Baba. Ba na sayar wa mutum abin da bai buƙata. Yanzu na ji ta fara zana manyan benaye."

Magini ya tambaya, siririyar nan fa, ita ana ƙara mata? Dogo ya ce a'a. Sai Magini ya yi tsaki, ba da Dogo ba.

Bai ba da haƙuri ba. Ba a taɓa jin ya bayar ba. Ya matsa gefe a kan bencin, ya ce wa Dogo ƙasa ba wurin zaman baƙo ba ne. Da Dogo ya zauna sai Magini ya ce masa ya turo manyansa.

Auta ta ruga ciki ta faɗa jikin innarta. Inna ta ce ta yi a hankali, kada ta sume irin tsohuwar kwamfuta.

Dogo na da ɗan fili a bayan gari. Auta ta zana ɗaki biyu da falo a kan baƙar, Magini ya gina da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa kwaɓin ba. Aka ɗaura aure, aka kai amarya. A ƙofar gidan, Magini ya dafa kan 'yarsa ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya, ya sa su tsufa tare.

Mahaifiyar ango ta ɗaga kai, ta ga rodi tsaye a kan sabon rufi. Ta tambaya ko aikin bai ƙare ba ne.

Magini ya dubi Auta, ya dubi Dogo.

"Ya ƙare," in ji shi. "Wannan na gaba ne."