Ƙafar da Ta Bugu Ranar Lahadi

Sunan yarinyar nan ya ɓace mini, yara. Shekarar ma na manta ta. Amma na koyar da ita a makarantar tsibirinmu, nan Tonga, kuma sauran labarin yana nan.

Kun san ba a wasa ranar Lahadi. To, bayan an tashi daga coci sai ta sulale, ta hau dokin kawunta a bakin teku. Doki ya zabura. Ta faɗo, bayan gwiwarta ya bugi kututturen kwakwa.

Babu jini, sai ɗan kumburi. Ta saki doguwar rigarta a kai, ta koma gida.

"Me ya sa kike tafiya kamar kaguwa?" in ji wanta Malakai.

"Takalmi ne ya matse ni. Ina ruwanka?"

Washegari ƙafar ta yi fari, ta yi sanyi. Kakarta Kalolaine ta ɗauko man kwakwa, ta hau tausa.

"Kaka, ba na jin hannunki."

"To ai sauƙi ke nan, 'yar nema."

Ba sauƙi ba ne. Da zafin ya kai ta ga ihu, sai uwarta ta durƙusa gabanta.

"Faɗa mini gaskiya."

"Mama, doki na hau. Ranar Lahadi."

Uwar ta goya ta zuwa bakin ruwa, don asibiti yana wani tsibirin. Teku kuwa ta yi fushi, masu kwalekwale suka ƙi fita. Muka tsaya muna kallon igiyar ruwa, yatsun yarinya suna ta yin baƙi. Sai da gari ya sake wayewa aka tsallaka da ita.

Likita ya ce, "Bugun ya ji wa babbar jijiyar jini rauni daga ciki. Jini ya daskare ya toshe hanya. Da kun zo da wuri..." Bai ƙarasa ba.

An ceci ƙafar, amma yatsu uku sun tafi. Ta dawo makaranta da sanda, daga baya ta yar da sandar. Ita ce ke gaya wa ƙanana, "In kun bugu, ku faɗa, ko da kun yi laifi. Ƙafa mai sanyi kuma ba ta tausa ba ce, ta asibiti ce."

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna. Bara na tarar da uwar tana saƙar tabarma, na tambaye ta wane horo ne yarinyar ta ji tsoro haka.

Ta ce, "Malam, sharar tsakar gida ce kawai. Ita muke sa yara in sun yi laifi."