Ƙusar Tsohon Turmi

Dutsen farko ya faɗo ne ana tsakiyar kiran sallar magariba. Turai na tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwon gero, hayaƙi na shigar mata ido, ɗiyarta Kamila na gefe tana kaɗa miyar kuka, sai suka ji ƙwal! a bisa kwanon ɗaki. Kajin da ke rububin shiga akurki suka yi tsit. Dutsen ya gangaro a hankali, a hankali, kamar ana jan sa da zare, har ya faɗo gaban randa. Kamila ta ɗauka, ta sake shi nan take tana yarfe hannu. Zafi gare shi kamar daga cikin garwashi aka ciro shi.

Na biyu ya biyo baya. Na uku. Sannan shiru, irin shirun da ko sauro ba ya kuka a cikinsa.

Turai ba ta kawo komai a ranta ba sai jikokin Kubura, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su. Ta miƙe da muciya a hannu, ta tsaya jikin katangar.

"Kubura! Ki ja kunnen ’ya’yan awakin nan naki! Don an ga babu namiji babba a gidan nan shi ne za a mayar mini da kwano gangar makaɗa?"

"Yarana na masallaci, Turai," in ji Kubura daga can. "Ki ji tsoron Allah."

"Ke ki fara jin sa!"

Duk Kankia an san Turai. Mai sayar da daddawa ce da man gyaɗa, kuma ko Fulanin da ke kawo nono daga Kafin Soli, in sun hango ta sai su fara gyara zama, don sun san yau sai gumi ya fito wajen ciniki. Shekara huɗu da rasuwar mijinta Labaran, maƙerin farfaru, ita ke riƙe da gidan da ’ya’ya biyu, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ba a kuma taɓa jin kalmar "yi haƙuri" ta fito daga bakinta ba.

A kusurwar gidan, bayan rumbu, akwai wani tsohon turmi a kife, ya tsage, ya yi baƙi. A tsakiyar gindinsa an kafa ƙusar tagulla mai kauri. Tun Turai na amarya ta tarar da shi haka. Marigayi bai taɓa yi mata bayani ba, sai dai ya ce kada a ɗaga, kada a cire ƙusar, kada a zuba ruwan zafi a wajen. Har a kan gadon ciwonsa sai da ya maimaita.

Babban ɗanta Sharafaddeen gyaran waya da tocila yake yi a bakin tasha. Kwana uku kafin jifan ya shigo da wani guntun bututu da batir ɗin tsohuwar kwamfuta da sifirin ɗin biro, ya shige tsohuwar maƙerar ubansa yana ta gurza. Ya ce mata tocila yake haɗawa, madannin kawai ya rage masa. Wani ɗan ƙarfe yake so wanda in an danna zai shiga ya taɓo gindin batir, wuta ta wuce, in an saki sifirin ya turo shi waje. Ya gwada ƙusar baƙin ƙarfe, ta ƙi, sai zafi take ɗauka. Tagulla yake nema. Da ta ga idonsa ya fara zagaya tasar aurenta da ke jere a ɗaki, sai ranta ya ɓaci.

"Ka taɓa tasar nan in karya maka yatsu. Ga tagulla can a gindin turmi tana shan rana a banza."

"Inna, ai Baba ya ce..."

"Mai dokar ya tahi da dokarsa. Yanzu gidan wa?"

Da ya tsaya yana sosa ƙeya, ita da kanta ta ɗauki awartakin marigayi, ta taka turmin da ƙafa, ta murɗa, ta murɗa, har ƙusar ta fito da wata ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa. Ta jefa masa. Ya yanke ta, ya goge da magagari har ta yi sumul, ya sa mata sifirin. Abin da Turai ba ta sani ba, ba tocila ba ce. Sigarin lantarki ne, irin wanda samari ke zuƙa ya fitar da tururi mai ƙamshin alawa. Kuma ya zaɓi magariba, lokacin da maza ke masallaci, ya riƙa laɓewa a maƙera yana dannawa yana zuƙa.

Kwana huɗu ana jifan, kullum lokacin bai canza ba. Turai ta kai ƙarar Kubura wajen mai unguwa. Ta tsaya a bakin rijiya gaban mata ta kira ta uwar ɓarayi. A rana ta biyar, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, inuwar rumbu ta miƙe har bakin zaure, Kamila na shanya kayan makaranta a igiya, sai ta saki rigar da ke hannunta, ta dafe tsakar kanta da hannu biyu.

"Inna, ana danna mini kai."

Ta durƙushe. Ta miƙe. Ta sake durƙushewa, kamar wani babban yatsa ne ke tura ta ƙasa yana sakinta. Kowace durƙusawa, dutse a bisa kwano. Daga nan ba ta sake cin abinci ba, ba ta sake kiran Inna ba. Sai ta rarrafa bayan rumbu ta zauna jikin turmin, ta juya wa gidan baya. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce jini lafiya, ba zazzaɓi. Yarinyar da ke dariya har a jiyo ta a zaure, cikin mako guda wuyanta ya zama kamar na kaza.

Sharafaddeen ne ya hau babur ya ɗauko Malam Dikko daga Dudunni, can ƙasar Kusada. Tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa a inuwa, ya ce a kai shi inda yarinyar take. Ya dubi turmin, ya daɗe yana kallon ramin da ke gindinsa. Ya yi alwala, ya zauna, ya fara karatu.

Karatun ya yi nisa kafin Kamila ta juyo. Fuskar tata ce, amma zaman ba nata ba ne. Ta miƙe ƙafa kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta yi tsaki, muryar da ta fito a shaƙe take, busasshiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?"

"Adda. Kafin a aza tubalin gidan nan ina nan. Labaran ya san ni. Shi ya kife mini turmin nan, ya kafa ƙusa, ya ce nan iyakata, can iyakarsu. Shekara talatin ban taɓa kurɓar ruwan randarsu ba."

"To mi ya kai ki jikin yarinya?"

"An cire mini ginshiƙin ɗaki! An yanke shi, an goge, an ɗora shi a kan wuta. Duk magariba sai a danna, kuma a kaina ake dannawa. Ga hayaƙi mai warin alawa. Na yi jifa don a ji, ba a ji ba. Tambayi wancan mai laɓewa a maƙera."

Malam ya waiwaya. Sharafaddeen ya sunkuyar da kai, ya zaro bututun daga aljihu. Turai ta fizge, ta shinshina bakin bututun, ƙamshin alawa ya bugi hancinta.

"Wannan ce tocilar? Wannan? Taba kake sha mini a maƙerar ubanka ana sallah? Kai, ka ci amanata! Ƙanwarka na mutuwa kana busa hayaƙi!"

Ta ɗaga hannu za ta kwaɗa masa, sai dariya ta fito daga bakin Kamila, dariyar da ta sa kajin gidan suka watse.

"Mare shi, mare shi. In kin gama sai ki faɗa wa Malam ƙafar wa ta taka turmin, hannun wa ya riƙe awartaki."

Hannun Turai ya tsaya a sama. Malam Dikko bai dube ta ba, ya ci gaba da aljanar.

"An zalunce ki, na ji. Amma yarinyar nan ba ta da laifi. Ki hita."

"A ba ni baƙin rago."

"Ba a zubar da jini don wanin Allah. Ko zakara ba za ki samu ba."

"To a bar mini yarinyar. Da kiran magariba zan tahi da maganarta, har ta mutu ba za ta sake cewa uffan ba."

Turai ta ture Sharafaddeen ta matso. Ciniki, abin da ta iya ke nan a duniya, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wa wani ba.

"Ke, tsaya. Ni ce mai gidan, da ni za ki yi. Na bar miki bayan rumbun nan gaba ɗaya."

"Dama nawa ne."

"In saya miki sabon turmi na ƙirya."

"Ban ce ina daka ba."

"Turare duk Juma'a."

"Turai," in ji Malam a hankali, "wannan kuma ni ban yarda ba."

"Tasar aurena!" Muryarta ta tsage. "A narkar da ita a yi miki ƙusa goma! Mi kuma kike so, tsohuwar banza? Ki sakar mini ɗiya!"

Idon Kamila ya tsaya a kanta, ba ƙiftawa.

"Riƙe tasarki. Abu biyu. Hannun da ya cire shi zai mayar. Bakin da ya ce mai doka ya tahi da dokarsa, shi zai ce: na yi laifi, ki yi haƙuri."

Rana ta sauka bayan katangar Kubura, saura ja kaɗan a saman dalbejiya. Can masallacin unguwa aka ji ladan ya ƙwanƙwasa lasifika yana gwadawa.

"Ni?" in ji Turai. "Ni zan ba aljana haƙuri a cikin gidana? Allah gafarta Malam, ka ƙone ta mana! Ba aikinka ke nan ba?"

"Zan iya ci gaba da karatu," in ji shi. "Za ta sha wuya, yarinyar ma za ta sha, kuma ban san wadda za ta fara gajiya ba. Abin da ta nema ba bauta ba ne. Haƙƙin maƙwabci ne. Ke kika shiga iyakarta."

Turai ta dubi ɗiyarta. Ƙasusuwan wuyanta, leɓenta da ya tsattsage, lallen da ya kusa gogewa a yatsunta tun bikin ’yar ajinsu. Ta kwance gindin bututun da ƙarfi har sifirin ya yi tsalle ya faɗa cikin toka. Ƙusar ta faɗo a tafinta, ’yar guntuwa, tana ƙyalli, ba ta kai rabin yadda take ba. Ta saka ta a ramin turmin, ta ɗauki dutsen nan na farko da ke gaban randa, ta buga. Ta buga. Ta buga, kowane bugu kamar kan wani take fasawa. Sannan ta tsaya tana haki, haƙoranta a cije.

"Na yi laifi."

"Ban ji ba."

"Na ce na yi laifi! Ki yi haƙuri!" Hawaye suka zubo mata, na takaici, ta share da bayan hannu kamar ta mari kanta.

Jikin Kamila ya saki. Muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Na karɓa. Amma ƙusar ta gajarce, ɗakin ba ya zaunuwa. Kuma ko da yana zaunuwa, Malam, ka shaida, ni ba zan iya maƙwabtaka da matar nan ba. Shekara huɗu ina jin bakinta. Zan koma dajin Sukuntuni wajen dangina."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Kamila ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Babu dutsen da ya faɗo. Can sai yarinyar ta buɗe ido, ta ce, "Inna, akwai sauran tuwo?"

Turai ta zuba mata da kanta, ta zauna tana kallon kowace loma har kwanon ya ƙare. Bututun kuwa ta sa Sharafaddeen ya ciro batir ɗin, ta daka sauran da taɓarya a gabansa, ta ce gobe za su yi magana, yau ba ta da sauran baki.

Amma ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya tsakar gida tana kallon katangar nan guda ɗaya, inda ake jiyo Kubura tana raba wa jikokinta abinci. Maganar tsohuwar aljanar na ta yi mata ƙaiƙayi a kunne. Ta yi tsaki. Ta ɗebi daddawa a ƙwarya, ta mayar da rabi, ta tsaya, ta sake zubawa har ta cika. Ta yafa mayafi ta fita.

A ƙofar gidan ta yi sallama, murya a daƙile. Kubura ta leƙo, ta dubi ƙwaryar, ta dubi fuskarta.

"Lafiya, Turai? Wani dutsen ne kuma?"

"Matsa in shiga," in ji Turai. "Magana ce zan faɗa, kuma sau ɗaya zan faɗe ta, don haka ki buɗe kunnenki."