Saba'in da Takwas a Bayan Lasisi

Ranar da Gethin ya fara ganin Carys, saura ƙiris ya banke ta.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Babur ɗinsa na lantarki ne, ba ƙara ba hayaƙi, sai dai ka waiwaya ka ga mutum a bayanka kamar an jefo shi. Ita kuwa tana tsakiyar siririyar hanyar da ta hau gonarsu, tana fama da wata tunkiya mai taurin kai. Ya damƙe burki, tumaki suka watse.

"Kai mutum ne ko aljani?" ta ce, hannunta a ƙirji. "Babur ɗin naka ba shi da baki ne?"

"Yi haƙuri. Magani na kawo wa Emrys Bowen, daga kantin magani."

"Babana ne. To Mai Sanɗa, sauko ka tara mini tumakin da ka tarwatsa."

Ya sauko ya tara tumaki har laka ta kai masa gwiwa. Daga ranar sunan ya bi shi. Daga ranar kuma maganin hawan jinin Emrys bai ƙara makara ba, har ma yakan iso kafin na baya ya ƙare.

Kafin shekara ta zagayo soyayya ta yi nisa. Kowace safiya sai saƙonta ya shigo wayarsa:

"Mai Sanɗa, ka sa rigar ruwa, hadari ya haɗo ta bakin teku. Kada ka jiƙa mini kanka."

Shi kuma Cariad yake ce mata, wato masoyiya a harshensu, sai ya amsa: "Cariad, ko dutse ake zubarwa sai na hau tudun nan na gan ki."

Emrys ne bai ga abin so a wurin yaron ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran babura a garin nan namu, kuma a wurinsa duk abin da ake jona wa soket ba abin hawa ba ne. Dutsen guga yake kiran babur ɗin Gethin. Shi Huw ya fi kwanta masa a rai, ɗan makwabtansu mai ƙaton babur, wanda in ya murɗa totur sai tagogin coci sun amsa.

Ranar da Gethin ya je da maganar aure, tsohon bai ce masa zauna ba. Waje ya ja shi, ya nuna masa jan harafin D da ke manne a gaba da bayan babur ɗinsa, alamar ɗan koyo.

"Doka ba ta yarda ka goya ko tunkiya da wannan ba, shi ne za ka ɗauki 'yata?"

Sai ya buɗe rumfa ya yaye wani bargo. Wani tsohon babur ne kore, ƙarami, mai giya da kuloci.

"A kan wannan aka kawo uwarta Menna daga coci zuwa gidan nan. Kafin ta rasu ta ce Carys ma a kansa za ta zo. Ka kawo mini lasisin da za ka hau shi da ita, ni kuma in riƙe hannunta in shigar da ita coci. In ba haka ba, ku yi bikinku, ni ina gona."

Carys ta ce, "Haba Tada!" Haka take kiran baban nata tun tana ƙarama. Amma ta san halin ubanta, kuma ita kaɗai gare shi. Ba za ta iya shiga coci babu shi ba, Gethin ma ya san haka. An riga an tsayar da rana, Asabar ta biyu a watan Satumba.

Nan hankalin Gethin ya tashi. Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: ana karɓar babur na lantarki a jarrabawar tuƙi ko ba a karɓa? Ya tambayi wannan ya ce ana yi, ya tambayi wancan ya ce ina! Ya karanta bayanai a waya har idonsa ya yi ja. Da ya gaji, sai ya ce bari dai ya je ya gani.

Mai jarrabawar ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya duba takardunsa.

"Iyakar gudunsa nawa?"

"Mil arba'in da biyar. A gangara yana fin haka."

"Ba a gangara muke jarrabawa ba, samari. Sai wanda ya kai hamsin da biyar. Ba lantarkin ne matsala ba, ƙarfinsa ne bai kai ba."

Ya dawo jiki a sanyaye. Amma maganar nan ta "ba lantarkin ne matsala ba" ta zauna masa. Uwar ɗakinsa a kanti tana da sabon babur na lantarki mai ƙarfi, ta ara masa. Ya yi jarrabawar fili ya ci, ya yi ta titi ya ci. Mai jarrabawar ya yi masa wani bayani yana miƙo takarda, amma wa ke sauraro? Tuni yana rubuta saƙo:

"Cariad, na ci! Ki gaya wa Tada ya fito da kwat ɗinsa."

"Wayyo Mai Sanɗana! Ina tsakiyar tumaki ina kuka, duk sun tsaya suna kallona."

Ranar da katin lasisi ya iso ta gidan waya, a guje ya hau tudun. Ya tarar da Emrys a kicin yana shan shayi, ga Huw a gefe yana cin biskit kamar gidansu. Tsohon ya sa tabarau, ya dubi gaban katin, sannan ya juya bayansa. Ya daɗe yana kallo.

"Ka san mene ne wannan saba'in da takwas ɗin?"

Gethin ya leƙa. Wasu 'yan lambobi ne ƙanana a ƙarshen layi, ko lura da su bai yi ba.

"Ma'anarsa babur marar giya kawai aka yarda ka hau. Wanda ya ci jarrabawa a kan dutsen guga, lasisin dutsen guga ake ba shi."

Huw ya yi dariya har ya ƙware. Gethin kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Saura mako shida biki, kuma da ya nemi wata ranar jarrabawa, babu sai Nuwamba.

Daga nan ya canza. Carys ta kira, ya ce yana aiki. Ta ce ya zo cin abincin yamma, ya ce ya gaji. Kunya ce ke cinsa, amma ita ina za ta sani? Huw kuma bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya same ta a kasuwar tumaki ya ce, "Ni dai ba gulma ba, amma kullum da yamma ina ganin dutsen gugar nan a ƙofar wata Nerys, can bayan gada."

Ta rubuta masa: "Gethin, in ka fasa ka faɗa mini da bakinka. Kada ka sulale kamar yadda ka zo."

Da bai amsa ba cikin minti goma, ta ɗauki motar gona ta nufi bayan gada, zuciyarta na tafasa.

Abin da ta tarar a filin bayan gidan shi ne Gethin a kan wani babur mai giya, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya saki kuloci, babur ya yi tsalle ya mutu. Wata tsohuwa mai furfura da rigar fata tana daka masa tsawa.

"A hankali nake ce maka! Haka za ka saki hannun yarinya?"

Nerys ke nan, mai koyar da tuƙin babur, shekararta sittin da bakwai. Carys ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaji da zuwa miki da kunya, cariad. So nake ko sau ɗaya in zo da abin kirki."

Nerys ta ƙura wa Carys ido. "Ke 'yar Menna ce, ko ba a faɗa ba. Ku shigo, akwai abin da zan nuna muku."

Wani tsohon hoto ta ciro daga akwatin gwangwani. Ga koren babur a kan hanyar gona. Amarya ce riƙe da kan babur, ta tattare farar riga har gwiwa, tana dariya. A bayanta ga wani saurayi ya ƙanƙame ta, ya runtse ido.

"Sau uku ubanki ya faɗi jarrabawa kafin bikinsu. Tura babur ɗin ya yi daga ƙofar coci, wai ya ƙi tashi. Da suka sha kwana Menna ta buga shi ta ja. Ni kaɗai na gani, ni na ɗauki wannan."

Carys ta miƙe da hoton. "Yau Tada zai yi mini bayani!"

Gethin ya riƙo hannunta. "A'a. Sirrinsa ne da matarsa. Ba zan same ki ta hanyar tozarta shi ba."

Washegari ya hau tudun shi kaɗai. Emrys na rumfa yana goge koren babur.

"Na zo in faɗa maka gaskiya ne. Na fara iya giya, amma jarrabawa sai Nuwamba. Huw ya ce in hau kawai, wa zai duba lasisin ango? Ni ba zan ɗauki Carys a kan abin da doka ba ta ba ni ba, hannuna ma bai gama faɗawa ba. In ka ce a ɗaga biki, a ɗaga. Ba za ta shiga coci ba kai ba."

Tsohon bai ɗago ba. "Wa ke koya maka?"

"Nerys."

Hannun Emrys ya tsaya cak a kan tanki. "Ta nuna maka wani abu?"

"Ta nuna mini yadda ake sakin kuloci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ya shafe ni."

Idanun Emrys suka kawo ruwa. Shekara talatin da ɗaya yana ɓoye abin nan, yau ga yaron da ya raina ya riƙe masa shi, bai ko yi masa murmushin mugunta ba.

"Menna cewa ta yi Carys ta zo gida a kansa," ya ce a hankali. "Ba ta ce wa zai ja ba. Ni na ƙara wannan." Ya share hanci da tsumman mai. "Yarinyar tana da cikakken lasisi tun tana sha tara. Je ka kira ta."

Ranar Asabar ta biyu a Satumba, Emrys ya shiga coci da kwat ɗinsa, hannun 'yarsa cikin nasa. Da aka fito, Carys ta tattare farar riga, ta sa hular kwano, ta buga kik sau ɗaya babur ya ɗauka. Gethin ya hau baya. Jama'a suka sa shewa, Huw ya buɗe baki zai yi magana, Nerys ta taka masa ƙafa.

Emrys ya matso, ya kama hannayen angon ya zagaya su a ƙugun 'yarsa da kansa. Bai rage murya ba, kowa ya ji.

"Riƙe ta da kyau, ɗana. Ni ma a nan na zauna, kuma ban taɓa yin nadama ba."

Carys ta saki kuloci a hankali, suka hau tudu, tsohon na tsaye yana sauraron ƙarar har ta ɓace. Allah Ya sa albarka a auren nan, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari, Ya kai su tsufa suna goyon juna.