Gaɓa Biyu a Maɗauri

"Wanne ka zaɓa?"

Ta yi tambayar ba tare da ta ɗago ba. Ta daɗe tana sayar da agogo a shagon nan, amma ba ta taɓa jin tsoron amsar mai saye ba sai yau.

Agogo biyu ne a kan gilashin, duka irin na masu nutso, masu ƙananan allurai na auna lokaci. Ɗaya baƙi ne mai nauyi, maɓallansa na murɗewa gam, ruwa bai isa ya shiga ba komai zurfi. Ɗayan ruwan zinare, kyau kamar ka sace, sai dai sunan nutson kawai ya ara. In an wuce wankin hannu, to babu shi.

Tarwaɗa ya yi murmushi. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don in ya sauka yin walda a ƙarƙashin jirgi sai ka rantse can aka haife shi.

"Na zinaren mana, hasken idona. Me zan yi da baƙin? Ai na bar ruwa."

Haka ya gaya wa Abbanta ma. Tun da ruwa ya ci Yayanta a wurin aikin nutso, Abba ya ce mai nutso bai isa ya auri 'yarsa ba. Tarwaɗa ya durƙusa ya yi alkawari, Abba ya ji daɗi har ya ce ya je ya zaɓi agogon da ransa yake so.

Sai ga abokiyar aikinta jiya, wadda kowa ya san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ta matso tana raɗa.

"Na ga mutuminki a tashar jiragen ruwa, kai jiƙe sharkaf. Ko shi kaɗai ruwan sama ya daka, oho..."

Ta yi ta gaya wa kanta sharri ne. Amma fa ruwa ba ya tsami banza.

Ta ɗaura masa na zinaren, maɗaurin ya yi masa yawa.

"Bari in rage, ya zauna daidai."

"A'a, bar gaɓa biyu," ya ce da sauri. "Kin san..."

Sai ya haɗiye sauran.

Ta sani kuwa. Haka Yayanta yake barin nasa, saboda kaurin rigar nutso.

"Yaushe za ka sauka?"

"Masoyiyata..."

"Kar ka zame min, ni ba abokin aikinka ba ce. Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jibi. Aikin ƙarshe ne, wallahi. Mutanena ba su gama ƙwarewa ba, in na sake su su kaɗai wani ba zai fito ba."

"Shi ne ka gwammace ka sauka da agogon da zai tsaya maka a ƙasan ruwa, don kawai kar in gane?"

Haushinsa take ji har wuya, son sa kuma ya fi haushin yawa, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan.

Ta kwance na zinaren ta mayar akwati. Ta ɗauko baƙin ta ɗaura masa, ta bar gaɓa biyu.

"Abba yana ganin wannan zai gane," ya ce a hankali.

"Shi ya sa za ka riga agogon magana."

"In ya hana ni ke fa?"

Hawayen da take dannewa suka zubo.

"Gara in rasa ka kana numfashi."

Da yamma tana bayan labule, tana jin Tarwaɗa yana gaya wa Abba gaskiya a falo. Bai rage komai ba. Abba ya kamo hannunsa, ya sa yatsa a sararin maɗaurin. Shi ma ya san wannan sararin.

"Wa ya zaɓa maka?"

"Ita ce, Abba."

Abba ya share idonsa da bakin riga.

"To ta ɗaura nata. Ka fito lafiya, in ɗaura nawa, wato aurenku."