Ɗan Azumi Ya Karanta Buhu

A shekarar da fari ya ƙone hatsi, zamanin mulkin soja, akwai wata yarinya a garin Kona. Tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Tana da ƙane mai shekara huɗu, sunansa Ɗan Azumi.

Kullum da la'asar takan zauna gindin bedi, wato itacen dogon yaro, ta yi bitar karatu. Sai Ɗan Azumi ya zo ya jingina da kafaɗarta yana kallon allonta.

"Yaya, wannan fa?"

"Wannan 'ka' ake karanta shi."

"Wannan kuma?"

"Shi kuma 'na'. Ka bar ni in yi karatu mana."

Wata Laraba sojoji suka kawo taimakon jar dawa a babbar mota. Baba ya samo buhu ɗaya, ya sauke shi a tsakar gida. An yi rubutu da baƙin fenti a jikin buhun. Ɗan Azumi ya tsuguna, ya ɗora yatsa a kai.

"Ko... na. Kona," in ji shi.

Inna ta ajiye taɓarya. Baba ya dube shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa, Baba. Ga shi nan a rubuce."

Baba bai yi lakwal ba. Ya kira yarinyar. "Ɗiyata, haka aka rubuta?"

"Haka ne, Baba."

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun da gonarsa ta bushe ba a ji dariyarsa ba sai ranar. Ya ɗaga yaron sama, Inna tana ta sa albarka.

Kafin kwana biyu labari ya bi gari. Maƙwabta suka riƙa zuwa, wannan da kwalin ashana, wannan da gwangwanin madara. Ɗan Azumi ya karanta abin da ya iya, a yi masa tafi.

A makon nan yarinyar ta zo ta biyu a ajinsu, amma ba wanda ya tambaye ta. Abin ya yi mata zafi. Sai kuma malaminsu, Mushe Laminu (Mushe ake kiran malami a lakwal), ya ce zai zo gida ran Asabar ya ji karatun yaron.

Ran Juma'a ta kira ƙanenta bayan rumbu. Ta rubuta "ba" a allo.

"Ba," in ji Ɗan Azumi.

"A'a, 'da' ne. Kuskure kake yi tuntuni."

Ya dube ta, ya dubi allon. "To, Yaya. Da."

Ran Asabar Mushe Laminu ya zo, mutane suka cika tsakar gida. Ya ɗauki alli ya rubuta "baba".

Ɗan Azumi ya miƙe tsaye, ya ce, "Dada."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Ashe dai hadda ya yi." Ɗan Azumi ya juyo yana neman idon yayarsa. Ta sunkuyar da kai. Sai ya ruga ɗaki ya ɓoye bayan Inna.

Daga ranar bai ƙara zuwa gindin bedi ba. In ya ga allo sai ya kau da kai. Yarinyar ta zauna ita kaɗai, karatun ya ƙi shiga.

Ran Talata, da aka tashi daga lakwal, ta tsaya a bakin ƙofar aji.

"Mushe, ni ce na koya masa ba daidai ba. Da gangan na yi."

"Don me?"

"Kowa shi yake yabo."

Mushe Laminu ya ce, "Ɗiyata, a wurin wa ya koyi Kona?"

"A allona."

"To, ke ce malamarsa ta farko. Shi ya sa ya yarda da ke fiye da idonsa. Ki je ki gaya wa iyayenki gaskiya, ki ba shi haƙuri. Kada ki tilasta masa. Yaro ne, da wasa zai koya. Kuma a daina tara masa jama'a."

Ya ba ta aron ƙaramin littafi mai hotunan dabbobi.

A gida ta faɗi komai. Baba ya yi mata faɗa, sannan ya ce, "Mu ma da laifinmu. Kin zo ta biyu, ba mu ko tambaya ba. Allah ya yi miki albarka."

Ta sami Ɗan Azumi yana wasa da ƙasa. Ta tsuguna kusa da shi.

"Ƙarya na yi maka. Kai ne da gaskiya, 'ba' ne. Ka yi haƙuri."

Ya ci gaba da wasansa. Ta zana akuya a ƙasa da yatsa. Akuyar ta fito da ƙafa biyar. Ɗan Azumi ya ƙyalƙyale da dariya, ya share ɗaya. Ta rubuta "akuya" a ƙarƙashi, ba ta ce ya karanta ba.

Can a hankali ya ce, "A... ku... ya."

Tun daga nan suka riƙa karanta littafin tare, shafi ɗaya a rana. In ya gaji, su rufe su tafi wasa. Ita ma karatunta ya ƙara kyau, don sai ta fahimci abu sosai kafin ta koya masa.

Da damina ta dawo, wata safiya Inna ta tarar da su suna rubutu a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ku nuna mini sunana," in ji ta.

Yarinyar ta rubuta "Rakiya". Ɗan Azumi ya kama yatsan Inna yana bi da shi a kan haruffan. "Ba haka ba, Inna. A hankali."

Inna ta zauna a ƙasa tsakanin 'ya'yanta tana dariya, ta sake gwadawa.

Yara, in ƙanenku ya nuna basira, kada ku yi masa hassada. Ku gaya masa gaskiya, ku taimake shi da haƙuri da wasa. Ci gabansa abin farin cikin gidanku ne duka.