Kwalbar Pampalamus

"Koma da kwalbarki, Nazira. Adoum ba zai ƙara shan komai daga hannunki ba."

Mahaifiyarsa ce, Hadje, ta tare bakin ƙofa. Na sunkuyar da kai na juya.

Saura wata ɗaya bikinmu.

Adoum mahauci ne a unguwar Roumdé Adjia. Tun da likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa, ya ɗora shi kan ƙwayar magani, na daina kai masa abinci mai man shanu. Na koma matse masa pampalamus, lemon nan babba mai ɗaci, don na ji mata na cewa yana narka kitse. Kullum kwalba guda.

Yakan yamutsa fuska ya shanye, ya ce, "Don ke kawai, sanyin idona."

Sai cinyoyinsa suka fara ciwo. Hannunsa ya kasa riƙe wuƙa. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Zenaba, 'yar ƙanwar Hadje da ta daɗe tana son sa, ta ce asiri nake zuba masa.

Kwana tara ban ji muryarsa ba...

Ni kaɗai a ɗaki, lemon na yamushewa a kwando.

Ran na goma ya kira ni daga asibiti. "Ki zo, don Allah."

Na same shi kwance, ana ƙara masa ruwa. Nas ɗin, Madam Rosalie, ta ce, "Ban da maganin, me yake sha?"

"Tambayi wannan," in ji Hadje.

Na faɗa mata zancen pampalamus ɗin.

Ta girgiza kai, ta dubi Hadje. "Maman, babu asiri a nan. Wannan ƙwayar ba ta shiri da pampalamus. Taruwa take a jiki ta ci tsoka, har ƙoda takan taɓa. Kun zo da wuri, likita zai canja masa."

Ashe dai hannuna ne...

Na doshi ƙofa ina kuka.

"Ina za ki, amaryata?" in ji Adoum. "Gargaɗin yana rubuce a takardar cikin kwalin maganin, da Faransanci. Ni da na yi lakwal, na iya karatun boko, tsire na naɗe da ita."

Hadje ta dube ni. Sannan ta ɗauki kofi ta miƙo mini.

"Ba shi, 'yata. Ruwa zalla."